Wanda Ya Zo Tabbatar da Aikina

Shekarun baya, lokacin da idon mahaifiyata ya fara dusashewa, na shiga wata hidima da banki wadda har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Ni ba mai camfi ba ne. Dilan kayan gini ne ni, kwanon rufi da rodi da ƙusa, kuma abin da ban taɓa da hannuna ba ban cika yarda da shi ba. Don haka zan faɗi abin yadda ya faru, kowa ya auna da kansa.

Mahaifiyata tana zaune a wani tsohon gidan haya a Abakpa tun muna yara. A nan mahaifinmu ya rasu. Da Allah ya buɗa mini na gina nawa a Kurmin Mashi, na ware mata ciki da falo har da banɗaki mai tayil, na je da murnata in ɗauko ta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "A gidan nan ina gani. Ƙafata ta san inda rijiya take, ta san murhu, ta san dokin ƙofar kowane ɗaki. Ranar da ka kai ni gidanka, ranar zan makance." Ban sake tayar da zancen ba.

Sai mai gidan ya rasu, magada suka ce za su sayar su raba gado. Babbansu mutumin kirki ne. Ya zo har shagona ya ce saboda zaman da aka yi, ni za su fara yi wa tayi, amma ƙannensa sun matsa masa, akwai wani attajiri da ke son rushe gidan ya yi shaguna. Sun ba ni zuwa Babbar Sallah. In ban kawo ba, su sallama wa wancan.

Ni kuwa jarina duk yana cikin kaya. Wanda ya san kasuwa ya san dilan da ya kwashe jarinsa ya sayi gida, shagonsa ya sayar. Sai abokina ya nuna mini wani banki mai tsarin da babu kuɗin ruwa: su sayi gidan, su sayar mini, in riƙa biya wata-wata. Na tambayi malamai, na gamsu, na haɗa takarduna na tafi.

Wadda aka haɗa ni da ita wata Bazazzagiya ce mai tabarau, ba ta da yawan murmushi amma akwai baki. Da ta ji asalinmu Kanawa ne sai ta ajiye biro.

"Bakano da neman rance? Lallai yau akwai ruwa da ƙanƙara."

Na ce, "Ai shi ya sa na zo wurin bayinmu, Hajiya, don kada maganar ta fita waje."

Muka yi dariya, ta koma kan aiki.

"A ina kake aiki, Alhaji?"

"A wurin kaina."

"Wa ke biyanka albashi?"

"Ni nake biyan mutane."

"To ga inda matsalar take. Ma'aikaci takardar albashi yake kawowa, mu rubuta wa ofishinsu, su amsa mana cewa nasu ne. Kai ba ka da ofishin da za mu rubuta wa. Sai dai mu aika mutum ya ga wurin sana'arka da idonsa, ya tambayi maƙwabta su shaide ka. Kuma ba ma faɗin ranar da zai je."

Na ce, "Ki aika mutum goma. A layinmu ko akuya kika tambaya za ta nuna miki shagona."

Wannan cika bakin shi ya fara kayar da ni.

Akwai wata ƙa'ida a layinmu da ba a rubuta ta ko'ina ba. Ta samo asali ne tun da aka ɗauke wani ɗan'uwanmu mai sayar da tayil a hanyar gonarsa. Bayan Allah ya dawo da shi, aka zauna ana tunani, sai aka tuna cewa kafin abin ya faru wani baƙo ya yi ta yawo a layin yana tambayar shagonsa, mu kuma da zuciya ɗaya muka yi ta nuna masa. Daga ranar muka yanke shawara: mai saye kaya yake tambaya, ba mutum ba. Duk baƙon da ya zo yana kiran cikakken sunan wani, ba mu san shi ba. Muka sauke allunan da ke ɗauke da sunayenmu. Ni da kaina na hau tsani na kwance nawa.

Na san da wannan ƙa'ida sarai. Abin da ya kamata in yi shi ne in tara maƙwabta in ce musu banki zai aiko mutum. Amma in aka ji dila yana neman rance da safe, kafin la'asar labari ya zama ya karye, masu ba shi kaya su fara ja da baya. Sai na ja bakina na yi shiru. Na ce a raina ai kullum ina shago, zai same ni a zaune.

Bai same ni ba. Wata mota ɗauke da kayana ta lalace a hanyar Kano, dole na je na kwana biyu a can. Ina kan hanyar dawowa Hajiyar banki ta kira ni. Wannan karon babu wasa a muryarta.

"Alhaji, mutuminmu ya je. An ce masa babu mai wannan suna a layin, ba a ma taɓa yin sa ba."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. A ce wurin da ka ƙare ƙuruciyarka, ka yi gumi, ka yi furfura, an je an tambaya an ce ba a taɓa yin ka ba. Ko ka san dalili, sai ka ji wani iri.

Maƙwabcina na hannun dama wani dattijo ne Bakatsine mai sayar da fenti. Shi ne babba a layin, Baba muke ce masa. Ina sauka daga mota ya yafito ni, fuskarsa cike da alfahari.

"Ɗan nan, wani ya zo nemanka. Mun binne ka, mun baje ƙasa."

"Wane iri ne, Baba?"

"Dogo, siriri, cikin farin kaftani, da fayil a hammata. Ya kira sunanka har da na mahaifinka, Allah ya jiƙan shi. Na ce mashi ni na girmi wanga titi, ban taɓa jin sunan ba. Ya bi shago-shago, kowa ya ba shi amsa guda. Ƙanenka ma da ke riƙe maka shago cewa ya yi wurin na wani Bayarabe ne da ya tafi Ibadan biki."

"Sai ya ce me?"

"Bai yi gardama ba. Ya tsaya daidai ƙofarka ya daɗe yana kallon kujerarka. Sannan ya ce ba komi, zai dawo."

Nan dole na fasa ƙwai. Na ce musu daga banki yake, gidan Inna nake son saya. Wayyo, na sha ba'a. Mai walda ya ce ashe babbar rigar tawa ma ta banki ce. Mai sayar da famfo ya ce daga yau in zan yi atishawa sai na nemi izinin manaja. Na jure, don ni na jawo. Na roƙe su duk ranar da mutumin ya dawo a nuna masa ni, a kuma faɗa masa duk abin da ya tambaya.

Baba kaɗai ne bai yi dariya ba. Da aka watse ya kama hannuna.

"Banki ka ce ko? To. Amma ranar an kwana ana ruwa, layin nan taɓo ne har idon sawu. Na dubi ƙafar mutumin, takalminsa kamar yanzu aka fiddo shi daga kwali."

Na ce, "Baba, ai su a mota suke yawo."

"Ban ga mota ba."

"A bakin titi ya ajiye ta."

"Daga titi zuwa nan fa? Tashi ya yi?"

Na ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Ya sake ni, ya ce Allah ya sa.

Na kira Hajiyar banki na yi mata bayanin ƙa'idarmu, na ba da haƙuri. Ta ce za ta nemi a sake aikowa, amma layi da tsawo, ba ta san yaushe ba.

Daga nan na daina zuwa ko'ina. Na ɗauko allon sunana a bayan sito na goge na mayar. Ko masallaci na tafi sai in bar sallahu. Raguna suka fara cika gefen titi, babban magada yana kira yana cewa ƙannensa sun hana shi barci. Ita kuwa mahaifiyata ban faɗa mata komai ba. In na je gaishe ta sai in same ta tana zagaya tsakar gidanta ba sanda, ta ɗauko wannan ta ajiye wancan kamar mai lafiyar ido.

Ya dawo ne wata hantsi ana yayyafi. Ƙanena ya tafi lodi, ni kaɗai ne a shago, na sunkuya ina duba wani bandir na kwano da ya lanƙwashe. Da na ɗago sai na gan shi tsaye a gabana. Farin kaftani, fayil a hammata, ba lema. Ya yi sallama a hankali, ya kira sunana cikakke har da na mahaifina.

Na ce, "Ni ne! Wallahi ni ne! Bisimilla, ga kujera."

Na ba shi kujerata, ni na zauna a kan buhun ƙusa. Na ruga shagon kusa na karɓo masa lemo mai sanyi. Ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a ƙasa.

Tambayoyin farko irin waɗanda na zata ne. Yaushe na fara sana'ar, daga ina nake ɗauko kaya, mutum nawa ke ci a ƙarƙashina. Ya buɗe fayil a kan cinyarsa yana riƙe da biro. Muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Sannan ya ci gaba da wannan muryar.

"Yaushe kake tashi daga nan?"

Na faɗa masa.

"Wace hanya kake bi?"

Na faɗa masa, har da wadda nake bi in an yi cunkoso.

"Gidan da za a saya, wa ke ciki?"

"Mahaifiyata."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai, sai maƙwabta da ke leƙa ta."

"Idon nata fa, da sauƙi?"

Na ce alhamdu lillahi, ana ta magani. Ni da ko matata ba ta san nawa nake sayen bandir ba, ni da ake cewa ko inuwata ba ta san cinikina ba, sai ga ni ina zuba kamar an kwance famfo. Har kwatancen gidan na yi masa da yatsa a kan ƙurar kwano: ka wuce masallaci, ka shiga lungun mai markaɗe, ƙofa ta biyu mai zaure. Burina kawai ya ce ya gamsu.

Ya rufe fayil ya miƙe.

Na ce, "To ranka ya daɗe, an tabbatar ke nan?"

Ya ce, "Saura shaida ɗaya."

"Wa? Ga layi nan gaba ɗaya, a kira maka wanda kake so."

"Wanda ya fi kowa saninka."

Daidai nan aka fara kiran azahar. Na ce ya tsaya mu yi salla, ya ce yana da sauran tafiya. Wani mai saye ya shigo yana tambayar ƙusa, na juya na amsa masa, da na waiwayo har ya fita. Lemonsa yana nan a ƙasa ba a buɗe ba.

Washegari da sassafe na yi wanka na sa turare na tafi banki. Na zauna gaban Hajiya ina murmushi.

"To Bazazzagiya, mutuminki ya zo ya ga Bakano da idonsa. Sai a sa hannu."

"Wane mutum?"

"Wanda kika aiko jiya."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ba mu aika kowa ba, Alhaji. Takardar sake zuwan ma tana nan, ba a sa mata hannu ba."

Na ce dogon nan mai farin kaftani, wanda ya zo karon farko aka kore shi. Ta ɗaga waya ta ce a turo mata wane. Sai ga wani gajere mai jiki ya shigo da hular kwano a hannu, rigarsa a tsuke cikin wando. Ta ce wannan shi ne mai zuwa tabbatarwa a yankinmu, babu wani.

Na tambaye shi, ya ce sau ɗaya ya je, a kan babur. Ya tsaya a bakin layi ya tambayi mai shayi da wani mai faci, suka ce ba su san ni ba, ya ga taɓo ya yi yawa ya juya. Ko cikin layin bai shiga ba.

Na ce, "Ba ka tambayi wani dattijo mai fenti ba?"

"Ban ga dattijo ba, yallaɓai."

Hajiya ta cire tabarau ta ajiye. "Me ya tambaye ka?"

Na fara lissafa mata. Da na kai kan hanyar da nake bi sai gajeren ya girgiza kai, ya ce su ba sa tambayar wannan. Da na kai kan idon mahaifiyata sai ni kaina na tsaya. Ban taɓa faɗa wa banki tana da ciwon ido ba. Kuma a lokacin ne na tuna, duk zaman da muka yi, biron da ke hannunsa murfinsa a rufe yake. Bai rubuta ko harafi ɗaya ba.

Ta ce, "Me ka faɗa masa?"

Na ce, "Komai."

Ban san yadda na fita daga bankin ba. Hanyar Abakpa ranar ta cushe da motocin raguna, na bar motata a gefen titi na hau acaɓa. Ina ta kiran wayarta ba ta ɗauka, ko da yake ita dama sai ta ga dama take ɗauka. Na wuce masallaci, na shiga lungun mai markaɗe.

Na same ta zaune a kan tabarma a inuwar ɗakinta, tana ɓare gyaɗa a faranti. Lafiyarta ƙalau. Na durƙusa na gaishe ta, numfashina yana fita sama-sama.

Ta ce, "Wa ya koro ka?"

"Ba kowa, Inna."

"To zauna. Dama jiya ka yi baƙo."

Na zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

"Yaushe?"

"Ana kiran azahar."

Na ce a raina masallatai ba lokaci guda suke kira ba. Na riƙe wannan da ƙarfi.

Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Ta ce daga cikin zaure ya yi sallama, bai shigo tsakar gida ba, mutum ne mai ladabi. Amma abu ɗaya ya dame ta.

"Ban ji zuwansa ba. Mai ruwa, matar maƙwabci, kai kanka, tun daga bakin lungu nake gane takunku. Shi kuwa murya kawai na ji, kamar dama can yana tsaye a wurin."

"Me ya ce?"

"Ya kira wani suna. Ya ce ni ce mahaifiyar mai sunan?"

A nan sai na yi wa 'yan zamani bayani. Ni ne ɗan fari, mahaifiyata kuwa mutuniyar zamanin da ce, mai alkunya. Tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa cewa "ɗana" a gaban mutane ba. In za ta yi magana da ni "kai" take cewa, in za ta yi maganata da wasu ta ce "wancan". Ko a asibiti aka tambaye ta wa ya kawo ta, cewa take yi wani ɗan unguwa ne.

Na ce, "Sai kika ce masa me?"

"Na ce a'a."

"Sai ya tafi?"

"Bai tafi ba. Ya ce, 'Hajiya, ba ke kika haife shi ba?' Na ce ni ban haifi mai wannan suna ba. Can ya sake cewa, 'Ki taimaka. Shi da kansa ya amsa, saura ke. In kin ce naki ne shi ke nan, aikina ya ƙare, ba zan sake damunku ba.'"

Ta ɓare wata gyaɗar, ta laluba faranti ta zuba.

Na ce, "Inna, kunya ce ta hana ki, ko tsoro kika ji?"

"Da fari kunya ce. Daga baya kuma na so in ce wani abu don ya tafi, sai bakina ya ƙi. Na ji in na ba shi kalmar nan, na ba shi wani abu da ba zan iya karɓowa ba."

"Daga nan fa?"

"Ya ce, 'To, tunda uwa ba ta shaida ba, ba ni da hurumi.' Na ce ya gaida gida. Ba a amsa ba. Na sake cewa ya gaida gida. Na daɗe ina jiran in ji fitarsa. Sai da matar maƙwabci ta shigo na tambaye ta wa ke zaure, ta ce ba kowa."

Rana tsaka ce, ana jin injin markaɗe da kukan raguna. Na tashi na leƙa zauren. Zaure ne kawai, da tsohon benci da tsintsiya.

A ranar na sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, na kuma kai rahoto inda ya dace. Na koma layinmu na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kamanninsa. Mai walda ya ce fari ne mai saje. Mai famfo ya rantse baƙi ne, fuskarsa a aske. Ƙanena ya ce matashi ne, Baba ya ce sa'ansa ne. Ni da na zauna da shi gwiwa da gwiwa, ni da nake gane wanda ya sayi ƙusa sau ɗaya bara, na rufe ido na nemi fuskarsa na rasa. Kaftanin da fayil ɗin kawai muka yarda a kansu.

Maganar gida kuwa, tsoron nan shi ya gaggauta ta. Hajiyar banki ta ce ba za ta sake aika kowa shi kaɗai ba. Ta zo da kanta tare da gajeren, ta tattare zaninta ta shiga taɓon layinmu. Mutanen da suka binne ni kwanan baya suka yi ta rige-rigen tono ni. Mai walda ya ce tare aka yi mana kaciya, alhali shi ɗan Gusau ne. Baba ya ce in ta ga dama ta haɗa shagonsa da nawa ta rubuta a matsayin jingina. Ta dube ni ta ce, "Ashe dai akwai ka." Sallah ta wuce da 'yan kwanaki kafin a gama sa hannu, amma babban magada ya tsaya mini, ya riƙe ƙannensa har banki ya biya.

Abin dariya, ranar da takardun gidan suka shigo hannuna, ranar na durƙusa ina roƙon ta ta bar shi ta koma wurina, ko na wata guda ne. Ta ce, "Ka sayi gida don in zauna, ko don in gudu?" Na sa aka yi wa zauren ƙofar ƙarfe. Ta yi tuntuɓe da dokin ƙofar sau ɗaya, ta sa aka kira mai walda ya yanke shi, ta ce ƙafarta ba ta san shi ba. Iyakar abin da ta yarda da shi shi ne wata ƙanwar mahaifina ta dawo su zauna tare.

Mutumin bai sake zuwa ba, ba shago ba, ba gida ba. Banki ya yi nasa binciken bai gano komai ba.

In ka tambaye ni a matsayina na ɗan kasuwa, zan ce maka mai leƙen asirin masu ɗauke mutane ne. Maganar sayen gida tana bi ta hannaye da yawa, daga magada zuwa dillalai zuwa masu auna fili, ba wuya ta faɗa kunnen da bai kamata ba. Takalmi kuma ana gogewa. Wannan bayanin nake bai wa 'ya'yana, kuma shi nake bai wa kaina. Abu ɗaya ne ya ƙi shiga cikinsa. Mai leƙen asiri ya riga ya samu duk abin da yake so daga bakina, lokacin tashina, hanyata, ƙofar gidan. Me zai yi da shaidar tsohuwa? Kuma me ya sa da ta hana shi ya haƙura?

Abin da na koya dai bai da yawa. Na daina ɓoye wa maƙwabtana abin da ya shafe su don tsoron a ce na karye, domin wannan ɓoyon shi ya sa muka kasa bambance ɗan aiken banki da wanda ba shi ba. Na kuma gane cewa mutum in yana tsananin son a yarda da shi, babu abin da ba zai faɗa ba, komai wayonsa.

Mahaifiyata ta ƙara shekaru masu kyau a gidanta, tana zagaya shi ba sanda, har Allah ya karɓi abinsa a ɗakinta, a kan gadonta. Ina riƙe da hannunta a kwanakin ƙarshe, kuma ko a lokacin "kai" take ce mini. Da ina yaro abin yana ci mini rai, in ji uwayen wasu suna ƙwala musu kira daga bakin ƙofa, ni tawa sai dai ta aiko a ce wancan ya zo. Na yi shekaru ina jiran ranar da za ta yi kuskure sunana ya suɓuce mata ko sau ɗaya. Yanzu kuwa duk lokacin da na je gidan, sai in tsaya a zauren, daidai inda take cewa muryar ta fito, in yi mata addu'a. Ban san wa ya tsaya a nan ranar ba, ban kuma san me ya zo karɓa ba. Na dai san ya roƙe ta har ya gaji, ta riƙe abinta ba ta ba shi ba.